Kifin Juma'a a Titin Calloway

Toledo, 4 ga Afrilu, 1994

Ƙanena Lucius,

Gaisuwa mai yawa, kai da Corinne da yara. Ka san ba na ɗaukar biro don hira.

Hukuma za ta rushe Gidan Jama'a na Titin Calloway a watan Yuni, wai wurin ajiye motoci za a yi. Ginin da Baba da abokansa suka ɗora da hannunsu bayan tashi daga kamfanin gilashi, lokacin da Turawa suka hana baƙar fata ɗakin biki a garin nan! Mun je mun yi magana har murya ta dushe. Sun saurare mu suna duba agogo.

Amma Mama ce ta hana ni barci. Mantuwarta ta yi tsanani. A gida "baiwar Allah" take ce mini. Sai ranar Juma'a, in na kai ta kicin ɗin Gidan Jama'a, inda ta shekara arba'in tana soya kifi. Da mai ya yi zafi sai ta juyo: "Odessa, garin masarar nan ba gishiri! Ina Lucius, yana sama wajen damben nasa ko?" Gani take har yanzu kana yaro, kana koyon dambe a benen ginin. A can kaɗai take da 'ya'ya. Ka zo kafin Yuni.

Yayarka,
Odessa

Oakland, 20 ga Afrilu

Yaya Odessa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na samu takardarki, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Sai dai aiki ya riƙe ni a tashar jiragen ruwa, hutuna sai Yuli. Shawarata, ki roƙi Dikin Purvis, dattijon cocinmu, ya ba ki tsohon kaskon suyar, ki riƙa soya mata a gida. Ina ganin ƙamshin ne ke dawo da ita, ba bangon ba. Ki gaishe ta.

Naki da ladabi,
Lucius

Toledo, 12 ga Yuni

Lucius, likitan nesa,

Ina gaisuwa. Na bi shawararka. Dikin Purvis ya kinkimo kaskon da ciwon bayansa har gida. Mama ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Baiwar Allah, ba kya jin kunya? Kayan jama'a ne wannan, mayar musu!" Ta ƙi cin abinci sai da aka mayar.

Shekaranjiya aka yi Juma'ar ƙarshe. Tsofaffi sun cika zauren, har waɗanda aka ɗaura aurensu a ciki, da waɗanda suka koyi jefa ƙuri'a a ciki. Mama ta yi ta tsawa kamar dā. Ta ware maka wutsiyar kifi, ta rufe da faranti, ta ce wanda ya taɓa zai gane kurensa. Har aka kashe fitilu tana leƙen matakala. Na shiga banɗaki na yi kuka, don ban san me zan yi ba, Lucius. Har yanzu ban sani ba.

Ka huta lafiya,
Odessa

Toledo, 25 ga Yuni

Ƙanena,

Ina fata kuna lafiya. Sun rushe ranar Talata. Jiya Juma'a na kai Mama wajen duk da haka. Ta daɗe tana kallon filin, sannan ta tambaye ni ko mun yi ɓatan hanya ne.

Ka zo a Yulin, ba sauran gaggawa. Za ta karɓe ka hannu bibbiyu, ka san tana son baƙi.

Allah ya kawo ka lafiya.
Odessa