Awa Shidan da Ta Shiga Tsakanina da Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle, na rasa wanda zan faɗa wa.

Aikina gwajin kwamfutoci ne. Masu haɗa kwamfutocin da ke aiki da buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke iya ɗauka kyauta ya gyara, sun haɗu sun amince da ma'auni ɗaya. Duk na'urar da ta ci gwaji sai a manna mata tambari, makarantu da asibitoci kuma ba sa sayen marar tambari. Ni ce mai sa hannu a ɗakin gwajinmu. Cikin sharuɗɗan akwai cewa na'ura ta yi awa shida tana aiki mai nauyi ba tare da saurinta ya ragu ba. Anti, ni na kawo wannan sharaɗin da bakina, na kafe har aka rubuta shi, domin na taɓa ganin kwamfutar wani ƙaramin asibiti ta tsaya cak da rana tsaka, marasa lafiya na kan layi.

To, yau ga shi ya dawo kaina. Yayana, wanda ya fara koya min riƙon sukudireba, ya kawo tasa. Shekara biyu yana haɗa ta a shagonsa. Awa huɗun farko gudu take kamar barewa. Tana shiga ta biyar sai ta ɗau zafi, fanka ta yi ta ƙara, sauri ya faɗi. Sau uku ina maimaitawa, har addu'a nake mata, amma ina!

Shi cewa ya yi in matsar da teburin gwajin zuwa gaban na'urar sanyaya ɗaki kawai, wai ai ba ƙarya zan rubuta ba, lambar da allo ya nuna ce. Da na ja baya, Mama ta ce tunda na fara sa farar rigar aiki na manta wanda ya goya ni. Matarsa ta daina amsa gaisuwata. Shi kuwa ko faɗa bai yi ba, kallona kawai ya yi ya ce in yi abin da na ga dama, wallahi gara ya zage ni. Takardar sakamakon na kan teburina, ranar Litinin zan miƙa. Gaba kura, baya sayaki. Yaya zan yi?

Auta mai biro a hannu

Auta, sannu, na ji kukanki. Yayanki ba mugu ba ne, mutum ne da ya ga wahalar shekara biyu na shirin bin ruwa. Mama kuma ba ta san wata awa shida ba, 'ya'yanta biyu ta sani. Kada ki riƙe su a zuciya.

Amma matsar da teburin nan ƙarya ne, ko da lambar ta fito daga allo. Asibitin da zai sayi na'urar ba a gaban sanyi zai ajiye ta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da ta tsaya, sunansa ne a jikinta, naki a takarda.

Ke ma kina da naki laifin: da tun farko kin sanar da shugabanki cewa mai na'urar ɗan'uwanki ne. Ki faɗa masa ranar Litinin, ki miƙa sakamakon yadda ya fito, ki nemi a sa wani ya yi gwaji na gaba. Daga nan ki tuɓe farar rigar ki nufi shagon. Kin san mintin da zafin ke farawa, shi kuma ya san cikin na'urarsa. Wataƙila fanka ce, wataƙila mafitar iska.

Ba zan ce zai tarbe ki da fara'a ba, fushin ma yana iya daɗewa. Duk da haka ki ja kujera ki zauna, ki ce Yaya ya miƙo miki sukudireba. Allah ya sanyaya masa zuciya, ya daidaita tsakaninku.