Randar Inna da Kwalaben Mai Saje

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza, wadda ke kwance a maƙabartar Agiye.

Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi da biyayya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ɗanki ne, Issufu. Na sa an buga wannan takarda a fili, don masu leƙe su leƙa da kyau.

Kin dai san ba wanda ya ɗaga ni. Ni na kai kaina lakol, makarantar boko, da ƙafata, ranar da maƙwabta ke ɓoye ƴaƴansu cikin rumbu. Ni na ci sartifika, na yi shekara biyu a kwaleji a Maraɗi da wando ɗaya. Ni na fara hawa keke a unguwarmu, ni na fara faɗowa daga kansa, kuma ban nemi a tashe ni ba. Na yi ɗakin kwano, na gina rijiya. Yau ina da buro, ofis nawa na kaina, da kujera mai hannu. Amma in na ratsa kasuwa, sunan da ke bi na shi ne Issufu Kwalba. A kan wannan suna nake rubuto miki.

Kin tuna Mai Saje, Baturen nan mai sayen gyaɗa da na yi wa magatakarda. Kullum kina ce masa Bafaranshe, kullum ina gyara miki cewa mutumin Fotugal ne, ke kuwa ki ce duk jan kunne ɗaya ne. In kewar gida ta kama shi bayan an rufe sikeli, sai ya ja ni ɗakin ajiyarsa, ya riƙa nuna mini kwalaben giyar inabi kamar mai nuna ƴaƴansa. Shi yana ta zuba bayani, ni ina haddacewa, don kaina ba ya zubar da abu.

A can na san akwai wata da ake kira Forto, wadda ake noma inabinta a gangaren duwatsun kogin Duro. Tana cikin tsima sai a danna mata barasa mai ƙarfi, zaƙinta ya tsaya cak. In ta tsufa tana yin laka a gindin kwalba, tana ƙanshin dabinon da ya daɗe a buhu. Akwai Madera, ta wani tsibiri, wadda da gangan ake gasa ta da zafi, ta fito tana ƙanshin alewar da aka manta a wuta. Mai Saje ya ce ita kaɗai ce ke jin daɗin zaman Agiye. Akwai Moskatel mai ƙanshin ɓawon lemo. Sai wata ta arewacinsu mai yawan ruwan sama, ƴar sabon tashi, mai tsami da ƴar kumfa, wadda in ba ta yi sanyi ba, ko su ba sa iya haɗiye ta.

To, ranar da aka ɗaga tutarmu ta ƴancin kai, a gidan Mai Saje aka shirya wa kumandan, Baturen mulki, abincin rana na ban kwana, da shi da baƙinsa. Manyan gari kuma aka shimfiɗa musu tabarmi a rumfa, da fura da gasasshen rago. Da sassafe firjin kananzir ɗin gidan ya mutu. Mai Saje ya riƙe kai. Na ce masa ya saki kansa, mu nan tun kafin a haifi firji muke shan ruwan sanyi.

Nan ne na zo gare ki, Inna. Na ce ki ara mini babbar randarki, wadda kika zo da ita daga Cadawa, za a sanyaya wa baƙi ruwa. Ruwa dai na zuba a ciki, wannan gaskiya ne. Sauran maganar ce na bari a aljihu.

Na kafa ta cikin jiƙaƙƙen rairayi, na jera kwalabe goma sha huɗu a ciki, har da waɗanda ba su nemi sanyi ba, don ni in na yi aiki ba na yin rabi. Da rana ta take na ɗaga faifai. Takardun sunayen duk sun saki, suna yawo a saman ruwa kamar ganyen zogale a tukunya. Kwalabe kuwa ga su nan tsirara, ba a san ɗan wa da ɗan wa ba. Har gobe ina cewa laifin mannen Turawa ne, ba nawa ba.

Mai Saje ga shi da mura, hanci a toshe, ko tafarnuwa ba ya ji. Kowace giya kuwa da lokacinta: wata da kifi, wata sai an gama cin abinci. A yi kuskure, mutuncinsa ya zube gaban Faransawa, waɗanda dama suke raina giyar ƙasarsa.

Sai na naɗe hannun riga. Na riƙa ɗaga kowace kwalba ga rana, in duba launi, in duba laka, in buɗe, in kai marfin ga hancina. Dabino, gefe guda. Ƙonanniyar alewa, gefe guda. Lemo, nan. Mai tsami, can. Goma sha huɗu, ban kuskure ko ɗaya ba.

Da kumandan ya ji labari sai ya miƙe da kofi a hannu, ya ce wannan saurayi ya fi mutanen garinsu sanin giya. Tafinta, Allah ya saka mini, ya juya ya fassara wa rumfa da babbar murya, bai rage ko harafi ba. Liman ya ajiye ludayi. Kafin la'asar, sunan ya riga ni isa gida. Mutanen Agiye suka yanke hukunci cewa ba mai sanin abu haka sai wanda ya ɗanɗana.

Na maido miki randa a wanke, sau bakwai, har da ƙasa. Ba ki yi faɗa ba. Kika sa aka mirgina ta bayan ɗaki, kika ce ta gama aikin ruwa, kaji su gaje ta. Sannan kika dube ni kika ce: “Na ji hancinka ya yi aiki. Bakin fa?”

Ni kuma, mai sartifika, gwanin da kumandan ya yaba, sai na ji haushin a ce uwata ma tana tambaya. Na kaɗa riga na fita. Na ce a raina sai kin janye tambayar tukuna. Ba ki janye ba, ba ki kuma maimaita ba. Kullum in na zo gaishe ki, ki tura mini ƙwaryar fura, ki bi bakina da kallo har in shanye. Damina biyu muna haka, sai Allah ya karɓi abinsa.

Aikin na bar shi tuni. Liman ya ce mai ɗauka da mai miƙawa ma ba su kuɓuta ba, na amsa, na tuba. Na tambaye shi hukuncin hanci, ya ce in je in dawo. Har yanzu yana bincike.

Ga amsarki, Inna, ko da ta makara. Ban sha ba. Ko ɗigo bai taɓa harshena ba, ba a ranar ba, ba kafin ta ba, ba bayanta ba. Abin da na yi miki shi ne ƙaryar randa, da fitar da na yi ina kaɗa riga. Waɗannan biyun ki yafe mini. Randar tana nan inda kika bar ta, jikokin kajinki na ƙyanƙyasa a ciki, kuma na hana kowa ya matsar da ita.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sanyaya miki shi fiye da ruwan randarki, ya shayar da ke daga abin da ba a tambayar mai shansa.

Ku kuma masu leƙe, na ji ana haɗa sunayen waɗanda suka yi hidima ranar tuta. A rubuta nawa, a rubuta shi cikakke, ba Kwalba a ciki. A gefensa a ƙara: ya sani, bai sha ba. In takarda ta yi kaɗan, ina da wata a buro.

Ɗanki mai taurin kai,
Issufu Garba, ɗan Hadiza