Muddin Ina Numfashi

Ƙofar Dumi, Bauchi
Talata

Ɗanlarai,

Don girman Allah ka ajiye duk abin da ke hannunka ka saurari takardar nan yanzu, kada ka ce sai ka taso daga gona. In kana cikin mutane ka koma gefe.

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Zubaida da yara. Yaya aikin shinkafa, yaya Dadin Kowa? Mu nan jiki da sauƙi, hankali ne ba ya kwance. Khadijatu matar maƙwabcinmu ce take rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana. Kada ka ce me ya hana ni kiranka. Na rantse ba na ƙara sa bakina a waya, yanzu za ka ji dalili.

Ɗanka Mahfuz ya bar gida. Tun shekaranjiya bai kwana a ɗakinsa ba, abincin da na rufe masa sai kaji na zuba wa.

Ka dai san yaron nan da masu jar riga, ƙungiyar ƙwallon nan ta ƙasar Turawa da ban iya faɗin sunanta ba. Kai ne ma sila. Kai ka sayo masa jar rigar gwanjo a kasuwar Wunti yana ɗan mitsitsi, don ita ce ta yi masa daidai, ba don ka san ta su wa ce ba. Yana fita da ita samarin bakin layi suka ɗaga shi sama, wai sun samu ɗan gida. Shi ke nan fa. Tun daga ranar in an ci masu ja ba ya cin tuwo. Auwalu kuwa, ɗan ƙanwarka Salma, da ya ga taubashinsa ya kama ja sai ya kama shuɗi, don kawai ya samu abin tsokana.

Ni tawa ta wasan jika da kaka ta zo. Ka san yadda muke da shi. Ya shigo ya ce, "Tsohuwa, har yanzu kina nan? Ni fa amarya nake nema." Ni kuma in ce masa miji maras cefane. Wata rana na tambayi Auwalu su wa masu ja suka fi ƙi, ya ce masu shuɗi, na ce to daga yau ni tasu ce. Ban taɓa ganin ƙwallon nan da idona ba, Ɗanlarai.

Bara, bayan ƙaramar salla, muna zaune a tsakar gida ina gyaran zogale, Mahfuz yana cika baki wai baɗi kofi nasu ne ko ina so ko ba na so. Na ce masa, "Muddin ina numfashi ba ku ƙara ɗaukar kofi." Muka yi dariya har ya ƙware, ya sa hannu a kwanona ya cinye mini dambu. Ashe Auwalu yana riƙe da waya yana ɗauka. Ya yanke dariyar, ya bar maganar tsirararta, ya watsa.

Daga nan duk ranar da aka ci masu ja sai a kunna muryata. Na ji ta da kunnena a cikin keke, ina zaune, mai keken bai san ni ce ba. Masu shuɗi suka sa mini suna Kakar Shuɗi. Da farko har daɗi nake ji, ba zan ɓoye maka ba. To yanzu masu ja sun kai wasan ƙarshe, ranar Asabar ɗin nan, kuma da masu shuɗi za su kara. Sai magana ta juya, wai bakin tsohuwa ba abin wasa ba ne.

Ranar Lahadi a gidan kallo, Salihu mai faci, shi ma ɗan ja ne, ya ce a gaban Mahfuz Allah ya ɗauke tsohuwar nan kafin Asabar su huta. Wasu suka ce amin suna dariya. Mahfuz ya kai masa naushi ya fasa masa baki. 'Yan ƙungiyarsa, waɗanda ya tashi a cikinsu, su suka fitar da shi waje kamar ɓarawo.

Ni duk ban sani ba. Ya shigo ya tsaya a bakin ƙofata, ya ce, "Inna, maganar nan, da gaske kika yi?" Na ɗauka wasanmu ne na kullum. Ko ɗaga kai ban yi ba na ce, "Da gaske mana." Sai da na ji ƙarar ƙyaure na lura ba Tsohuwa ya kira ni ba, Inna ya ce. Kafin in lallaɓa in tashi da gwiwoyin nan ya ɗauki jaka ya fice.

Ka zo, Ɗanlarai. Yaron nan ya tafi yana ganin na yi masa baki. Ka gaishe da Zubaida, amma kada ka gaya mata tukuna.

Mahaifiyarka,
Habibatu

*

Ƙofar Dumi
Alhamis

Ɗanlarai,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata kun wuni lafiya. Direba ya kawo mini saƙonka, wai wasan yara ne, in yunwa ta kama shi zai dawo, kuma ba ka iya barin gona ana tsakiyar dashe. Na ji. Allah ya yi albarka a shinkafar. Amma da kana nan ka ga ƙofar gidanka da ba ka faɗi haka ba.

Yau Jemima mai shagon magani ce take rubutawa. Ta zo auna mini jini na riƙe ta.

Jiya da hantsi masu shuɗi suka yi sallama, sun kawo mini atamfa shuɗiya da goro. Buƙatarsu ɗaya, in yi shiru har Asabar ta wuce. Ko tafiya ba su gama yi ba sai ga masu ja, har da Salihu da kumburarren leɓensa. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce suɓutar baki ce in yafe masa, sannan ya miƙo mini waya wai in ce na janye. Na kalli abin nan, baƙi, yana kallona. In na ce na janye su yanke, in na yi tari su yanke, wa ya san abin da zai fito? Na ce su tashi su ba ni wuri. Atamfar ma na sa an mayar. Yanzu duka ɓangarorin biyu fushi suke da ni. Da safe an wayi gari an yi rubutu da gawayi a bangonmu, Khadijatu ta wanke kafin in fito, na yi na yi ta gaya mini abin da aka rubuta ta ƙi. In yaro ya jefo dutse kan kwanon ɗakina sai in zabura, alhali da can ko waiwaya ba na yi.

Na aika a kira mini liman. Ya ce maganar wasa ba baki ba ce, Allah zuciya yake dubawa, in kwantar da hankalina. Har na fara samun sauƙi. Yana sa takalmi sai ya rage murya ya ce amma in na janye ɗin ma ba laifi. Ashe shi ma ɗan ja ne. Wai tun yana yaro yake jin wasansu a rediyon mahaifinsa, har yau in ya ji sunansu sai ya tuna da marigayin.

An gano inda Mahfuz yake. Yana nan unguwar Yelwa, ɗakin wani abokinsa ɗalibi, Yero. Na tura Auwalu, don shi ya haɗa wannan wuta, Mahfuz ya ƙi buɗe masa ƙofa. Yero ne ya biyo shi ya zo har nan, yaro mai kunya, da ƙyar ya iya gaya mini. Ya ce Mahfuz ba fushi yake da ni ba. Cewa ya yi in ya so masu ja su ci, to numfashina yake so ya tsaya ke nan. Ya yi ƙoƙarin cire su daga ransa ya kasa. Ya ba da jajayen rigunansa, ya goge masu ja daga wayarsa, amma in ya kwanta sai ya kama zuciyarsa tana yi musu fata, sai ya tashi zaune yana istigfari. Ba ya cin abinci. Na ce Yero ya gaya masa wasa nake yi. Ya ce ya faɗa masa tun tuni, shi kuma ya ce ai ya tambaye ni da bakinsa na ba shi amsa.

Jemima, rubuta wannan ma, ba komai. Ɗanlarai, na san abin da yaron nan yake ji, don ni ma abin ya kama ni. Daga ɗakina ina jin ihun gidan kallo, kuma na iya rarrabewa. Masu ja buga benci suke yi, masu shuɗi fito. In na ji fito sai in ji sanyi a raina kafin ma in tuna ni ba ruwana. Mutanen da ban san fuskarsu ba, ban san ko suna salla ba. Abin da na ɗauka don in tsokani jikana ya zauna mini a ƙirji. Yanzu ina kan darduma ina roƙon Allah ya ba masu ja kofin nan ina da raina, kowa ya gani, amma harshena sai ya yi nauyi.

Jemima ta ce jinina ya hau sosai, tana so in kwanta a asibiti. Ban taɓa tsoron mutuwa ba, likkafanina yana cikin adaka tun rasuwar babanku. Wannan makon ne kawai nake tsoronta. In na tafi kafin Asabar kuma suka ci, da wane ido yaron nan zai ƙara kallon kansa?

Ba zan iya zuwa Yelwa ba sai an ɗauke ni, kuma duk inda na bi wayoyi ne. Kai ne ubansa. Ka zo ka kamo hannunsa ka kawo mini shi. Ina gaida yara.

Mahaifiyarka,
Habibatu

*

Asibiti, Bauchi
Lahadi da safe

Ɗanlarai,

Sallama. Ina raye. Ni ce nake magana da bakina, Jemima tana rubutawa. Duk abin da ka ji ƙarya ne. Ina fata kuna lafiya, ba ni da numfashin doguwar gaisuwa.

Jiya bayan azahar ƙirjina ya riƙe, Jemima da Khadijatu suka sa ni a keke. Rana ta yi zafi, sai Khadijatu ta ja mayafi ta rufe mini fuska. Haka muka ratsa layi, samari cike a ƙofar gidan kallo suna jiran a fara, kowa ya ga an wuce da ni a kwance, fuska rufe.

Aka sa mini ƙarin ruwa, barci ya ɗauke ni. Ihu ne ya tashe ni wajen magariba, gari duka ya ɗauka. Na kasa kunne, ban ji fito ba. Na ce alhamdu lillahi, sun ci ina numfashi, yaro zai dawo gida. Har hawaye na yi, ban san na murna ba ne ko na masu shuɗi.

Ashe a waje wani lissafin aka yi. Tunda masu ja sun ɗauki kofi, to tsohuwa ta cika. Wani ya sa hotona a waya da salati a ƙasa. Kafin isha an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Salma ta taso daga unguwar Gwallameji tana kuka ba ɗankwali. Khadijatu tana ce musu yanzu ta baro ni ina shan kunu, wasu suna cewa ruɗewa ce, a yi mata sannu.

Waɗannan duk da sauƙi, sun zo sun gan ni. Yero ne ya iso da asuba. Ya ce Mahfuz bai je kallo ba, yana ɗaki ya toshe kunnuwa. Da gari ya ɗauki ihu, Mahfuz ya gane su wa suka ci, sai ya yi tsalle ya miƙe, Yero ya ce fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Yana cikin wannan murnar ya ɗauki waya, hotona ya fara gani. Bai yi kuka ba. Ya ajiye wayar a kan katifa, ya ce, "Na yi murna, Yero. Ka gani da idonka, na yi murna." Ya fita ba takalmi. Yero ya bi shi ya rasa shi cikin taron masu biki. An kwana ana nema. Wani mai keke ya ce ya sauke mai kama da shi a tashar Gombe.

In haka ne wurinka ya nufa, don ba shi da kowa a wannan hanyar sai kai. Jemima ta kira wayarka har ta gaji, ba ta shiga. Shi ya sa takardar nan za ta bi motar farko. Na dangwala babban yatsana a ƙasa da tawada, ka nuna masa, ya san tabon wuƙar da ke jiki. In ya ce ba zai yarda ba sai ya ji muryata, ku hau tudu inda waya take kamawa ku kira Jemima. Zan karya rantsuwata in yi kaffara.

Kada ka tsaya aika wa dangi, kada ka tsaya yi wa Zubaida bayani, kowa zai ji daga baya. In bai iso ba ka bar gonar nan ka tsaya a bakin titi kana duba kowace mota. Kada ka yi masa faɗa, kada ka tambaye shi ina takalminsa. Kafin ya buɗe baki ka ce masa ina numfashi. Mahfuz za a fara gaya wa.

Allah ya haɗa ku kafin rana ta take.

Mahaifiyarka,
Habibatu