Ƙusoshin Takalmina

Daren Alhamis, Hayin Banki

Har yanzu haushi bai sake ni ba. Na dawo daga shagon ɗinki na leƙa ƙarƙashin gado, babu takalmin guduna. Takalmin da na sayar da kekena na saya, shi ya sa nake taka sayyada har shagonmu a Doka kullum. Kuma jibi Asabar za a zaɓi 'yan gudun jiha.

Sai ga Baba da shi a leda, yana murmushi. Ya ce, "Na ga ƙusoshi duk sun ɓullo ta ƙasa, kar su ji maka. Na kai wa shumeka ya cire, ya manna maka taya. Yanzu sai ka gaji da shi."

Tayar mota, a takalmin tsere. Ƙusoshin nan su ke riƙe ƙasa in mutum ya zabura. Na ce, "Na gode, Baba." To me zan ce?

Shumekan nake son shaƙewa. Ka ga ƙusoshi a jere reras, ba ka tambayi kanka komai ba? Baba kuma, shekaru ina fita daga sallar asuba, na ƙi bikin aminina saboda atisaye, bai taɓa taka filin ba. Da ya zo ko sau ɗaya, da ya sani.

Na yanke shawarar yin tseren ba takalmi. Sai Baba ya leƙo ɗazu, wai Asabar zai zo kallo, ya ga yadda gyaran ya yi.