Jan Layin Oga

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Mu nan Lugbe lafiya lau.

Tun da aka sa wa kwamfutocin ofishinmu sabon tsarin aiki na Linux, sati guda na yi ina gwada manhajoji biyu na buɗe takardu, na zaɓa wa Oga wadda ta fi sauri. Sai Bala, abokin aikina, ya sa masa ɗayar mai nauyi, don kawai ana iya jan layi a kan takarda da ita. Oga kuwa ba ya karanta takarda sai da jan biro. Yanzu Bala za a tura kwas Legas! Ni na karanci manhaja, shi ya karanci Oga.

Gaishe da Anti Rabi. Ka sa ni a addu'a, wallahi har yau na kasa yi wa Bala barka.

Ƙaninka,
Musa