Takardar da Auta ta bari a ƙarƙashin fulas

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta bar min takarda a ƙarƙashin fulas ɗin shayi. Haka take yi tun tana ƙarama, magana baki da baki nauyi take yi mata. Likita ya ce halin masu lalurar da ake kira otizim ne. Don takardun nan nata ma na shiga ajin manya ina da shekara arba'in. Na sa yatsa na bi layi-layi: "Mama, shekarata sha bakwai, ban taɓa jin sha'awar kowa ba. Abin da ƙawayena ke ji in sun ga saurayi, ni ba na ji. Na bincika, akwai mutane irina. Ba ciwo ba ne."
Sau uku na karanta.

Alhamis, 6 ga Maris
Na gaya wa Yaya. Da na sani ban faɗa ba. Wai, "Ke ma da shagwaɓa yarinya! Ki kai ta a duba ta tun da wuri." Na je na karɓo katin asibiti.

Asabar, 8 ga Maris
Auta ta ga katin a kan keken ɗinkina. Ta juya min baya tana jera maɓallai kala-kala har azahar, ko kallona ba ta yi ba.

Talata, 11 ga Maris
Kwana uku ba takarda. Ina ta ɗaga fulas kamar wata sakarya.

Lahadi, 16 ga Maris
Na zauna a bakin gadonta, ban kalle ta ba, ta fi sakewa a haka. Na ce tsorona ɗaya ne, in ba ta yi aure ba, in na mutu wa zai riƙe ta? Can ta ce, "Mama, tambaya biyu kika haɗa. Wa zan so daban, wa zai dafa min abinci daban. Ta biyun ki koya min kawai."
Na yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta miƙo min ƙyallen goge keke, duk mai a jikinsa.

Juma'a, 28 ga Maris
Yau ita ta kunna risho da kanta. Ƙarar man da ke tafasa tana damunta, sai ta toshe kunne da auduga. Albasar ta ƙone, mun cinye abinmu.
Yaya ta leƙo, wai yaushe ne zuwa asibitin? Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Yaya, zauna ki ci." Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ranar da aka ba mu ta ganin likita ma ta wuce tun shekaranjiya, ba mantawa na yi ba.
Ban ce na gane komai ba. Amma da Yaya ta tafi, Auta ta zo ta jingina kafaɗarta da tawa, ita da ba ta son a taɓa ta. Ban motsa ba har ƙafata ta yi sanyi.