Ban kunna su ba, Nasiba

Zuwa ga Nasiba, raken Yelu mai zaƙi har saiwa, inuwar giginyar da nake hutawa a ƙarƙashinta, sanyin idanuna. Gaisuwa mai yawa daga Gaya.

Haba, Nasiba! Saboda ordinatar, kwamfuta kawai, ki rufe waya, ki ɗaure kaya, ki ce kin bar koyarwa za ki koma Doso gidan kawunki? To ni wa kika bar wa ni?

Na je lakwal ɗinku, makarantar da kike koyarwa, na duba, kuma wallahi laifin bai kai hawayenki ba. Injuna iri biyu gare ku: manyan nan tsofaffi, da ƙananan da ke aiki da hasken rana. Ƙwaƙwalwarsu ba iri ɗaya ba ce, kowace da fishiyoyin, wato fayilolin, da take iya karantawa, amma sunayen fishiyoyin ɗaya ne sak. Wanda ya fara shirya ɗakin dosiye, wato ma'ajiyar fishiyoyi, guda tal ya buɗe musu. Da kika zuba na ƙananan a ciki, sai suka danne na manyan, manyan suka mutu a gaban ɗalibanki. Wa zai sani in ba a faɗa masa ba? Ko gishirin Foga da sukari, in buhu ɗaya aka ba su, ai ɓarna za a yi.

Kin tuna ranar da muka tsaya bakin kogi, iska tana wasa da mayafinki, kina ba ni labarin yarinyar da ta fara rubuta sunanta a allon injin ta fashe da dariya? Fuskarki a ranar ta fi ruwan haske. Wannan fuskar za ki kai Doso ki ɓoye? Kaico, zuciyata ba za ta ɗauka ba!

Na raba musu dosiye, kowace ƙwaƙwalwa da nata, da sunanta a kai, duk a wuri guda, ba mai sake taka wani. Na mayar da abin da ya ɓace. Direktan ya matsa in tayar da su ya gani, na ƙi.

Ban kunna su ba, rabin raina. Ɗalibanki sun ga sun mutu a hannunki, to a hannunki za su ga sun tashi. Suna nan a lulluɓe suna jiran yatsanki, ni ma haka.

Naki har ranar da kogi zai koma baya,
Mumuni